Jan Layin Auta

Litinin, da yamma

Ya kalla. Jan layin ya matsa, ya kai rabin kashi na huɗu. Na faɗa wa Mama tun kafin ta tambaya. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma kicin ta ƙara ruwan shayi kamar muna da baƙo.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko a takarda zai rage kama da hauka. Auta ne ya buɗe mana manhajar kallon fina-finan nan bara, da lambar wayata, tunda ni ke biya. Ya yi wa kowa wurinsa a ciki, ya ce kowa da ɗakinsa, kada wani ya shiga na wani ya ɓata masa lissafi. Ya sa wa Mama hoton fure, ƙanwata Madam kyanwa mai kambi, 'yata ɗan kifi, ni kuma mujiya, wai saboda tabarau. Shi ya ɗauki jirgin ruwa. Baba ya ce kada a sa shi, shi ba ɗan kallo ba ne. In ka shiga ɗakin mutum za ka ga abin da yake kallo, da wani jan layi a ƙasa mai nuna inda ya tsaya.

Tun Asabar ɗin da ya ajiye makullan shagon Baba a kan firij ya fita, Auta bai ɗaga wayar kowa ba. Saƙonnin da muke tura masa duk tik ɗaya, ba sa shiga. Abokansa ko dai da gaske ba su sani ba, ko kuma sun iya ƙarya. Jan layin nan kaɗai ke motsi, shi muke bi.

Talata, lokacin hutun rana

A wurin aiki, shagon tabarau. Tun safe nake sa wa mutane gilashi a ido ina tambaya, wanne ya fi, wannan ko wannan? Wata tsohuwa ta ce duk ɗaya ne 'yar nan, ki ba ni mai sauƙi. Har na so in rungume ta.

Na shiga banɗaki na duba. Ya gama na huɗu.

Laraba, da yamma

Abin da yake kallo wani dogon shiri ne a kan ma'aikatan jiragen dakon kaya. Maza cikin rigunan ruwan lemo suna jan igiya, teku ta ko'ina, babu ko mace ɗaya balle waƙa. Na gwada kallo a ɗakina don in san abin da yake gani, barci ya kwashe ni kafin jirgin ya bar gaɓa.

Baba ya dawo daga shago, ya wanke hannu da sabulun nan mai yashi, ya ci abinci, bai tambayi kowa komai ba. Makullan suna nan kan firij. 'Yata ta miƙa hannu za ta ɗauka, Mama ta daka mata tsawar da ban taɓa jin ta yi wa jika ba. Daga baya ta ba ta alewa biyu.

Alhamis, da safe

Ya kalla.

Juma'a, bayan la'asar

Madam ta kira. Ko sallama ba ta gama ba.

"Yaya, wai wa ke kallo ne? Ya ce mutane sun yi yawa. Ku sauka mana, ina tsakiyar abu."

Mutum biyu kawai manhajar ke ɗauka a lokaci guda. Na ce 'yata ce ke kallon zanen yara a falo.

"To ɗayan fa?"

Na ce ba ni ba ce. Ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba. Sai ta ce, "Shi ne?" Na ce da alama. Ta ce to a bar shi. Ba a jima ba ta sake kira ta ce amma a sauke yarinyar, ai yara ba su san abin da suke kallo ba.

Mama ta ji mu. Ta ɗauki rimot ta kashe talabijin, yarinya ta fasa kuka. Ta ce daga yau da rana ba mai kunna komai a gidan nan, a bar masa wuri. Na ce Mama ai wuri biyu ne. Ta ce in Madam ta hau ɗaya, mu muka hau ɗaya, shi ya zo ya tarar an cika fa? Ita da ba ta yarda a taɓa mata shirinta na likitocin nan, yau ta ce ya ishe ta, dama duk ƙarya suke yi.

Na gaji. Ba gajiyar da barci ke magani ba.

Lahadi, bayan la'asar

Bai kalla ba. Wancan Lahadin ma bai kalla ba. Na ce wa Mama ƙila ranar hutunsa ce, yana fita. Ta ce fita ina? Na ce ban sani ba, Mama. Ta ce to me ya sa kika ce yana fita?

Baba yana gida yau, shago a rufe. Ya kwance injin ɗinkin Mama da ba abin da ya same shi, ya baje kayan cikinsa a kan jarida, ya sa musu mai, ya mayar. Shekara da shekaru yana gyaran injinan ɗinkin mutane, hannunsa bai san zama ba. Na lura yana kawo ƙananan sukurori dab da hancinsa. Na ce Baba tabaran nan naka sun tsufa, na yanka maka sababbi tun watan jiya suna jakata. Ya ce, "Uwata, abin da nake gani ya ishe ni."

Litinin, lokacin hutun rana

Ya kalla. Kullum tsakanin azahar da la'asar yake kallo. Wato ba ya aiki ke nan. Wanda ke aiki ba ya zama da rana tsaka yana kallon teku. To me yake ci? A ina yake caji? Ban faɗa wa Mama wannan lissafin ba.

Talata, da yamma

Jan layin ya koma baya. Jiya yana ƙarshen kashi na shida, yau yana farkonsa. Auta ba ya maimaita abu. Shi ne mai tsallake waƙar farko, mai kallon fim yana danna waya, in ka ce a mayar baya ya ce Yaya ke dai ba kya ganewa da wuri. Yau ga shi yana maimaita kashi guda.

Na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannu. Na rubuta masa, na goge. Na sake rubutawa: muna lafiya. Tik ɗaya.

Laraba, da safe

Har yanzu yana kan na shida. Na kalle shi a hanyar aiki, a mota, kunne ɗaya. Injin jirgin ne ya lalace a tsakiyar ruwa, wani dattijo da wani saurayi suka kwana a ƙasa suna gyara. Ba su ma cika magana ba, wannan ya miƙa hannu, wancan ya sa masa sifana. Na wuce tashar da zan sauka.

Ba zan rubuta abin da aka ce ranar Asabar ɗin ba. Ina wurin, na kai musu abinci, akwai kwastomomi biyu a tsaye. Na ji da kunnena, ya isa.

Alhamis, bayan magariba

Na shiga ɗakinsa na manhaja na danna shirin da kaina, na daƙiƙa kaɗan, don in ga abin da yake gani. Rubutun fassarar da ke ƙasa ya zama manya manya, rawaya, ya cinye kusan rabin fuskar. Auta da ke karanta lambar mota daga ƙarshen layi. Me ya sami idonsa? Duka aka yi masa? Ciwo ne? Duk cututtukan idon da na sani sai da na jera su a kaina ɗaya bayan ɗaya.

Na mayar da layin daidai inda ya bar shi, kada ya gane an shiga.

Mama: ya kalla? Ni: ya kalla.

Asabar, da rana

Wani dogon rubutu ya fito a talabijin yau da 'yata ta kunna. Na karanta sau biyu. Wai daga yanzu asusun na gida ɗaya ne. Duk na'urar da ba a gidan nan take ba za a tsayar da ita, sai an shigar da wata lamba da za su turo wa mai asusu, wato ni. Lambar kuma minti goma sha biyar take yi ta mutu.

Na fassara wa Mama. Ta ce, "To ai ɗan gidan nan ne."

Na ce su ba su san wannan ba, inda talabijin take suke kira gida.

"Ki rubuta musu. Ki ce ɗana ne, tafiya ya yi."

Na ce Mama ba mutum ba ne, na'ura ce.

"Na'urar ba ta da uwa?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Baba yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa zai koma shago. Ban san ko ya ji ba. Ya ce a rufe ƙofa, sauro.

Lahadi, da yamma

An sauke Madam. Ta kira ta yi ta faɗa kamar ni na ƙirƙiro dokar. Wai ita da aka haifa a gidan nan yau na'ura ce za ta ce mata bare. Na ce zan riƙa turo mata lambar. Ta ce ita ba za ta riƙa roƙon lamba kamar mai neman bizar shiga gidan ubanta ba, mijinta zai buɗe musu nasu. Kafin ta kashe ta ce kada in goge kyanwar. Na ce ba zan goge ba.

Bai kalla ba, Lahadi ce.

Litinin, ƙarfe biyu da wani abu

Lamba ta shigo wayata.

Ina riƙe da fuskar wani mutum ina gwada masa firam ɗin tabarau sai na ji wayar ta yi motsi a aljihu. Na ce ya ɗan jira. Lambobi huɗu, da rubutu cewa wani yana neman shiga daga wajen gida. Madam ta riga ta buɗe nata. Saura mutum ɗaya.

Nan take na tura masa. Na ƙara da cewa yi sauri, tana mutuwa. Tik ɗaya. Na kira, a kashe. Na sake kira. Na tsaya a bayan kanta ina kallon agogo har lokacin ya wuce. Mutumin ya gaji ya zaɓi firam da kansa, wanda bai dace da shi ba sam, na bar shi.

Ta yaya mutum zai nemi lamba kuma ya kashe wayar da za a turo masa? Taurin kai irin na gidanmu, ba wanda ya bar wa wani.

Talata, da safe

Bai motsa ba.

Laraba, da safe

Bai motsa ba. Lamba ta sake shigowa jiya da rana, na sake turawa, tik ɗaya. Mama ba ta ci abincin dare ba. Ta ce cikinta ne.

Laraba, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Baba ya manta maganinsa na hawan jini a kan tebur, Mama ta ce in biya in kai masa. Rabon da in shiga shagon tun ranar. Komai na nan yadda yake, injinan mutane a jere da 'yan takardu a ɗaure a wuyansu, warin mai, fankar nan mai kuka. Teburin Auta an share shi tas, kujerarsa a ture ciki.

Baba na zaune a bayan kanta ya jingina wani abu da gwangwanin mai. Da ya gan ni ya so ya rufe da tsumma, sai kuma ya fasa.

"Uwata, zo ki duba min wannan. Tun shekaranjiya ya ƙi. Wai lamba yake nema."

Tsohuwar tabilet ɗin Auta ce, mai tsagewa a kusurwa. A fuskarta ga ɗan jirgin ruwan, ga akwati huɗu suna jiran lamba.

Na jawo kujerar Auta na zauna. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kake kallo."

Ya ce a aljihun teburin ya same ta, ranar Litinin ɗin da ta biyo baya. Ya danna ne ya ga ko tana da wuta, sai ga teku. In rana ta yi, kwastoma sun ɗauke ƙafa, sai ya kunna. Ba ya jin yarensu, ya sa mai gyaran waya na kusa da shi ya ƙara masa girman rubutun.

Tsakanin azahar da la'asar. Ban da Lahadi. Manyan haruffa. Ni da nake auna idon mutane tun safe har yamma, ni da ke yawo da tabaransa a jaka, ban gane ba. Ban so in gane ba ne, ina ji.

Bai san me ya yi mana ba. Bai san akwai wani jan layi ba, balle ya san matarsa na tashi da shi tana kwana da shi. Yana ta ba ni labari, har muryarsa ta ɗan tashi.

"Akwai wani a cikinsu mai kula da inji. Kunne kawai yake sawa ya san abin da ke damunsa. Irin aikinmu ne, Uwata, sai dai nasu ya kai girman gidan nan." Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ashe abin da yake so ke nan. Bai taɓa gaya min ba."

Na ce, "Ya gaya maka, Baba."

Fanka na ta kuka. Can ya ce saura kashi ɗaya ya gama, in sa masa lambar. Na ce ta mutu. Da na danna wata za ta zo nan take, amma ban danna ba. Haushinsa nake ji, kuma tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan fara da shi. Na ajiye maganin na fito.

Wato tun ranar da ya fita, ba mu da labarin Auta ko na ƙwayar zarra. Baba muke ta bi.

Alhamis, da sassafe

Mama: ya kalla?

Na shiga banɗaki na ja layin gaba da yatsana. Na fito na nuna mata. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci burodi yanka biyu.

Juma'a, lokacin hutun rana

Na sake ja. Abin ba wuya, yatsa ɗaya ne. Na ma koyi ja kaɗan kaɗan don kada shirin ya ƙare da wuri, saura kashi ɗaya ne. In ya ƙare sai in zaɓar masa wani shirin. Na tsinci kaina ina tunanin wane iri zai so.

Wanne ya fi, wannan ko wannan? Yau na tambayi wani yaro haka alhali ban sa masa gilashin ba.

Na sake zagaya abokansa a waya. Ɗaya ya ce, "Anti, wallahi da na sani da na faɗa." Wallahin ya yi sauri da yawa, amma me zan yi masa.

Asabar, bayan magariba

Baba ya dawo da tabilet ɗin a cikin leda. Ya ajiye ta a kan teburin falo a gaban Mama. Ashe mai gyaran wayar ya yi masa bayanin komai, har da jan layin, har da cewa duk wanda ke cikin asusun yana ganin inda aka tsaya. Baba ya tsaya, bai zauna ba.

"Ni ne ke kallo," ya ce. "Ba shi ba ne."

Mama ta dubi ledar, ta dube shi, sannan ta dube ni. "Jiya da shekaranjiya fa? Ai kin ce an tsayar da na waje."

Na ce ni ce.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, na shirya wa kowanne. Sai ta tashi ta ɗauko rimot, ta kunna shirinta na likitoci, ta ƙure murya. Ta zauna tana kallo, bayanta a miƙe. Baba ya tsaya a wurin har aka gama kashi guda. Ba wanda ya ci abinci sai 'yata.

Lahadi

Ba komai.

Litinin, da safe

Mama ba ta tambaya ba. Na fi son lokacin da take tambaya.

Talata, da yamma

Gidan shiru. Mama na dafa abinci, tana zuba wa Baba, tana ajiyewa a inda zai gani, ba ta ce masa ga shi. Tabilet ɗin na kan teburin a cikin ledarta. Yanzu abu biyu ke nan da ba a taɓawa a gidan nan, ita da makullai.

Ni ma ba ta cika yi min magana ba. Ɗazu da nake wanke kwanuka ta tsaya a bayana ta ce, "Da kin bar ni da gaskiyata." Na ce ki yi haƙuri, Mama. Ta ce ta yi, ta karɓi soson daga hannuna.

Har yanzu ina shiga banɗaki in duba. Ban san me nake dubawa ba. Layin na inda yatsana ya bar shi.

Alhamis, lokacin hutun rana

Tik biyu.

Duk saƙonnin, tun daga na farko har lambobin nan biyu da suka mutu. Bai amsa ba. Na kira, ta yi ƙara har ta katse. Ta yi ƙara! Na zauna a kan kwalin firam a sito na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Mai shagon ta leƙo ta ce lafiya, na ce ƙura ce. Ta ce sitonta ba ƙura, amma in zauna.

Ban faɗa wa Mama ba tukuna. Na ba ta labarin ƙarya sau da yawa, ina tsoron in ba ta rabin gaskiya.

Juma'a, da safe

Na faɗa mata. Ta ce in nuna. Ta daɗe tana kallon 'yan alamun nan biyu. Ta ce, "Wannan ma ba ubanku ba ne?" Na ce a'a, wannan wayar Auta ce ta hannunsa. Ta ce to.

Lahadi, da yamma

Zan rubuta shi daki daki kada in manta.

Bayan azahar muna falo dukanmu. Madam ta zo da yaranta suna tsakar gida da 'yata. Baba yana kujerarsa da jarida a kusa da hanci. Wayata ta yi motsi. Lambobi huɗu, wani yana neman shiga daga wajen gida.

Na dubi teburin, tabilet na cikin leda a kashe. Na dubi Madam, ta ɗaga hannuwa biyu ta ce wallahi ba ita ba ce. Mama ta ajiye tiren da ke hannunta a ƙasa, a tsakiyar ɗaki.

Ban tura ba. Na kira. Ƙara ɗaya, biyu, aka ɗaga.

"Yaya." Muryarsa ta dushe, akwai ƙarar injina a bayansa, ko motoci. "Lambar kawai za ki ba ni."

Na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mama ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Kuma wa ya shiga ɗakina? Na ga kina ta turo lambobi. A kashi na uku na tsaya, wa ya taɓa min?"

Baba ya naɗe jarida.

Ban san daga ina dabarar ta zo min ba. Na jawo kwalin sabulu daga tiren Mama, na juya bayansa, na rubuta lambobin da biro manya manya irin na allon gwajin ido. Na ciro tabaran nan daga jakata. Na ajiye kwalin da tabaran da wayar a kan gwiwar Baba, na ce, "Ga mai lambar nan."

Baba ya dube ni. Ya cire tsofaffin, ya sa sababbin. Ya ɗan ja kai baya, kamar duniya ta matso masa da yawa.

"Bakwai," ya ce.

Na ji numfashinsa. Na zaci zai kashe, na riga na fara jin haushin kaina.

"Bakwai," Auta ya ce.

"Biyu."

"Biyu."

"Tara."

"Tara."

Baba ya tsaya. Ta huɗun na nan a gabansa, girmanta ya kai tafin hannu, ko daga ƙofa ana ganinta.

"Saura ɗaya," in ji Auta.

"Na gan ta." Baba ya gyara zaman tabarau. "Ka ci abinci?"

Madam ta tashi ta fita tsakar gida da sauri. Auta ya ce ya ci. Baba ya ce me ka ci? Ya faɗa. Baba ya ce wannan ba abinci ba ne. Mama ta sauke mayafin ta ce gaya masa dai, gaya masa, sannan ta durƙusa kusa da gwiwar Baba ta yi ta jero tambayoyi, wasu ya amsa, wasu ya ce daga baya, Mama. Bai faɗi inda yake ba. Ya ce yana da wurin kwana, ya ce akwai aikin da yake jira a kira shi. Bai ce zai dawo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Sai Baba ya ce, "Dattijon nan mai inji. A na ƙarshe, yana sauka ne ko yana komawa ruwa?"

"Kai ne ka kalla?"

"Saura ɗaya aka tsayar da ni."

"Ni ban kai nan ba, Baba."

"To ka yi sauri ka kamo ni. Na shida ka kalle shi da kyau."

Ina kallon agogon bango. Ban ce komai ba har lokacin ya wuce. Da Baba ya karanta ta huɗun, Auta ya ce ta ƙi, wai ta mutu. Baba ya ce ikon Allah, abin nasu ba ya jira. Ya ce to ka sake nema.

Wayar ta yi motsi a gwiwarsa, sabuwa ta shigo. Mama ta dube ni, na dube ta. Biron na hannuna, amma na tashi na shiga ɗaki nemansa.